Jijiyar ƙoƙon gwiwa da ta yage sau uku: nazarin lamarin wani ɗan wasan gaba

Wanda wannan nazari ya shafa ɗan wasan gaba ne ɗan ƙasar Birazil, haifaffen watan Satumba 1976, mai tsawon mita 1.83. Ba za a kama sunansa ba, tunda gwiwarsa ake bi, ko da yake duk wanda ya zauna gidan kallon ƙwallo a farkon shekarun 2000 zai gane shi tun kafin a yi nisa. Matsalarsa ɗaya ce, ta bi shi tun yana ɗan shekara 19 har ya ajiye takalmi: jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Ta dama ta yage a 1999, ta tsinke gaba ɗaya a 2000, ta hagu ta biyo baya a 2008.

Gaɓar da abin ya shafa

Miƙe ƙafa daga gwiwa aikin sarƙa ne. Babbar tsokar gaban cinya ita ce ke ja. Jijiyarta ta sauko ta kama saman ƙoƙon gwiwa. Daga ƙasan ƙoƙon kuma wata jijiyar ta fita ta kama wani ɗan tudu a saman ƙashin ƙwauri, tudun nan da ke taɓa ƙasa idan mutum ya durƙusa. Ta ƙasan nan ita ce jijiyar ƙoƙon gwiwa. Ba jijiyar jini ake nufi ba, ba kuma ta laka ba. Farar igiyar nan ce mai tauri da mahauci ke yankewa daga jikin nama. Tsawonta santimita 4 zuwa 5, faɗinta kimanin santimita 3, kaurinta wajen rabin santimita.

Mutane kan ɗauka lokacin shura ƙwallo ne take shan wuya. A gaskiya lokacin taka birki ne: ɗan wasa yana cikin gudu, ya kafa ƙafa ɗaya, gwiwa ta lanƙwashe, tsokar cinya kuma ta ɗaure don ta hana shi durƙushewa. A wannan ƙiftawar ido jijiyar na ɗaukar nauyin jiki ninki da yawa. A 1977 an buga wani nazari kan wani mai ɗaga ƙarfe da tasa ta tsinke ana cikin ɗaukar hotonsa a gasa, aka ƙiyasta cewa ƙarfin da ya tsinka ta ya kai nauyin jikinsa sau 17.5. Ke nan lafiyayyar jijiya ba ta cika tsinkewa haka kawai ba. Wadda ke tsinkewa, galibi ta daɗe tana lalacewa daga ciki, zarenta na warwarewa kamar tsohuwar igiyar guga. Jinin da ke ratsa ta kaɗan ne, shi ya sa warkewarta ke da nawa fiye da ta tsoka, har ma fiye da ta ƙashi.

1993 zuwa 1999: ciwon da aka saba da shi

Ya taso a bayan garin Rio de Janeiro yana buga ƙwallon mutum biyar-biyar a kan daɓe mai tauri. Ya shiga babbar ƙungiyar Cruzeiro a 1993 yana shekara 16. A 1994 PSV ta ƙasar Holan ta saye shi, ya ci ƙwallo 30 a gasar ƙasar a kakarsa ta farko. A kaka ta biyu gwiwa ta fara damunsa, aka yi masa aiki a farkon 1996. Ya warware ya tafi Barcelona, inda ya ci ƙwallo 47 a wasa 49. A 1997 ya koma Inter Milan, ya ci 25 a gasar Italiya, suka ɗauki kofin UEFA a 1998.

Abu biyu ya kamata a lura da su a waɗannan shekaru. Na farko salon wasansa. Yakan ɗauki ƙwallo daga tsakiyar fili da cikakken gudu, ya ci birki, ya kewaya ƙafa a kan ƙwallon sau biyu ko uku, ya karkata jiki, ya sake ɗibar gudu ta ɗaya gefen. Kowane birki, kowace karkata, a kan jijiyar nan take sauka. Na biyu rashin hutu. Lokacin da 'yan wasan Turai ke hutun ƙarshen kaka, shi yana tare da tawagar ƙasarsa: gasar Olamfik ta 1996 a Amurka, wadda Nijeriya ta fitar da su da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe; kofin Kudancin Amurka a Bolibiya a 1997; kofin duniya a Faransa a 1998; kofin Kudancin Amurka kuma a Paraguwai a 1999. Shekara huɗu a jere ke nan.

A kakar 1998 zuwa 1999 ciwon ya fito fili a gwiwoyin biyu. Wasa 19 ya buga daga cikin 34 na gasar Italiya, ya ci 14. Yadda aka bi da shi shi ne yadda ake bi da irin wannan ciwo a lokacin: a huta, a yi gashi, zafi ya lafa, a koma fili, zafi ya dawo.

Abin da ya sa wannan zagaye ba ya kai wa ga waraka sananne ne yanzu. Hutu na kashe zafi, amma yana rage ƙarfin jijiya, sai ɗan wasa ya dawo mata da tsohon kaya alhali ta fi da rauni. Tsarin da aka fi yarda da shi daga baya shi ne a ɗora mata nauyi a hankali cikin lissafi: tsugunno da ƙafa ɗaya a kan allo mai gangara digiri 25, sau 15 har zagaye uku, safe da yamma, tsawon mako 12, ko kuma ɗaga ƙarfe mai nauyi sannu a hankali sau uku a mako. Waɗannan tsare-tsare sai cikin shekarun 2000 suka kankama. Likitan gashin da ya daɗe tare da shi, Nilton Petrone, ya ƙara da wani bayani daga baya: kwarin da ƙoƙon gwiwarsa ke zamewa a ciki ba shi da zurfi tun halitta, don haka ƙoƙon na rawa fiye da kima.

21 ga Nuwamba 1999: yagewar farko

A filin San Siro ne, Inter na karawa da Lecce, wasan da ta ci 6 da nema. Ya riga ya ci ƙwallo da fenareti, sai gwiwar dama ta ba shi alama yana cikin wasa, ya fita yana ɗingishi. Bincike ya nuna jijiyar ta yage amma ba ta rabu biyu ba. A ƙarshen watan aka yi masa aiki a asibitin Pitié-Salpêtrière da ke Paris, a hannun Farfesa Gérard Saillant.

Jijiyar da aka ɗinke tana bin matakai uku. Kwanakin farko kumburi ne. Daga nan zuwa kamar mako shida jiki na cike giɓin da sabon zare, mai laushi, wanda ke kwance ba tsari kamar auduga kafin a kaɗa ta. Sai mataki na uku, inda zaren ke sauyawa zuwa mai tauri yana jeruwa ta inda ake jan sa. Wannan na ƙarshen yana cin wata goma sha biyu ko fiye. Tarkon shi ne zafi na gushewa tun a mataki na biyu. A wata na huɗu ɗan wasa na gudu, yana shura ƙwallo, ba ya jin komai, hoton gwiwa ma na nuna jijiya a haɗe, amma ƙarfinta bai kai ba.

A farkon watan Afrilu 2000 aka ba shi izinin komawa wasa.

12 ga Afrilu 2000: minti shida a birnin Rum

Kwana 143 bayan wasan Lecce, Inter ta je filin Olimpico don zagayen farko na wasan ƙarshe na kofin Italiya da Lazio. Koci Marcello Lippi ya ajiye shi a benci, ya sako shi bayan an dawo hutun rabin lokaci. Minti shida da shigarsa ya karɓi ƙwallo, ya nufi bakin da'irar mai tsaron gida, ɗan bayan Lazio Fernando Couto na ja da baya a gabansa. Ya kewaya ƙafa a kan ƙwallon, ya kafa ta dama zai karkata. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙafar ce kawai ta naɗe a ƙarƙashinsa, ya faɗi yana riƙe da gwiwa da hannu biyu yana kururuwa. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka ɗora hannu a ka. A kan gadon ɗaukar majinyata aka fitar da shi.

Tsinkewa irin wannan ba ta ɓuya ga wanda ya san abin da yake dubawa. Tunda igiyar da ke riƙe ƙoƙon daga ƙasa ta rabu, tsokar cinya sai ta fizge shi sama. Petrone ya ce na wannan ɗan wasa can cikin cinya aka same shi. Idan aka danna ƙasan ƙoƙon da yatsa, rami ake ji a inda ya kamata a ji igiya. Gwaji mafi sauƙi kuma: a kwantar da mutum rigingine, a ce ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ba zai iya ba, diddigen zai tsaya a kan gado komai ƙoƙarinsa. Hoton ƙashi daga gefe na nuna ƙoƙon ya hau sama, ba karaya ko ɗaya. Wannan "ba karaya" ɗin ne ke yaudarar mutane a filayenmu na unguwa, a ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori ya ja ya ɗaure. Ɗori ba ya haɗa jijiyar da bakinta biyu suka yi nisa da juna, kuma idan aka wuce mako biyu zuwa uku tsokar na ƙanƙancewa, aikin da zai zama ɗinki ya koma na dasa wata jijiyar.

An mayar da shi Paris, Saillant ya sake buɗe gwiwar. Yadda ake wannan aiki a bisa al'ada: a tsaga fata ta gaba, a share ruɓaɓɓen bakin jijiya, a saƙa zare mai ƙarfi wanda ba ya narkewa a jikinta, a huda ƙoƙon gwiwa ramuka uku daga ƙasa zuwa sama, a zura zaren a ɗaure. Sau da yawa akan ƙara madauri na waya ko tef, ko a ɗebo wata jijiya daga bayan cinya, don a rage wa ɗinkin nauyi. Wurin da gwaninta ke bayyana shi ne tsayin da za a ajiye ƙoƙon. In aka ja shi ƙasa da yawa, gwiwa ba za ta lanƙwashe ba. In aka bar shi sama, ƙafa ba za ta miƙe da ƙarfi ba.

Afrilu 2000 zuwa Agusta 2001: gwiwar da ta ƙi lanƙwasa

Bayan irin wannan aiki akan kulle ƙafa a miƙe cikin abin ɗauri kamar mako shida, ana buɗe lanƙwasa kaɗan-kaɗan: digiri 30, sannan 60, sannan 90. A nan likita ke tsaka mai wuya. In ya gaggauta, ɗinki ya ɓalle. In ya yi jinkiri, tabo ya cika gaɓar ya manne ta. Ga gwiwar da aka buɗe sau biyu cikin wata biyar, wadda ɗinkin farko bai riƙe ba, dole taka-tsantsan ya rinjaya, kuma an biya kuɗinsa.

Ɗan wasan ya ba da labari daga baya cewa wata takwas da yin aikin, gwiwar ba ta wuce digiri 100 ba. Don a gane ma'anar wannan adadi: tafiya na buƙatar kimanin digiri 60, hawa bene kimanin 90, tashi daga kujera wajen 100, lafiyayyar gwiwa kuwa na kai wa 135 ko fiye. Mai digiri 100 zai yi rayuwarsa ta yau da kullum, amma ba zai yi gudun tsere ba, domin a cikakken gudu diddige na tasowa har kusa da ɗuwawu. Ya je Amurka neman ra'ayin wani ƙwararre, wanda ya ce masa zancen komawa ƙwallo babu shi, abin da ya rage sai a sake aiki don a samo ƙarin digiri 30.

Ba a yi wannan aiki ba. An zaɓi a ci gaba da gashi, tsakanin Faransa da Birazil, Petrone na tare da shi kullum. Aikin samo lanƙwasa ba shi da wata dabara ta ɓoye. A ɗumama gaɓar, a motsa ƙoƙon da hannu sama da ƙasa da gefe don kada ya manne, a kwantar da mutum rub da ciki a tura diddige zuwa cinya har inda tabo ya tsaya, a riƙe a nan, a saki, a maimaita, a sa ƙanƙara, gobe a auna da ma'aunin kusurwa. Ribar mako guda ba ta wuce 'yan digiri, wani makon ma babu. A gefe guda ana gina tsokar cinyar da ta zube, a cikin ruwa tukuna, sannan keke, sannan ƙarfe, sannan gudu a miƙe, karkata da birki su ne na ƙarshe. Ma'aunin da aka saba amfani da shi kafin a sallami ɗan wasa shi ne ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗayar.

Kakar 2000 zuwa 2001 ta wuce bai taka fili ba ko sau ɗaya. Ranar 19 ga Agusta 2001 ya fito a San Siro a wasan sada zumunta da Enyimba ta Aba. Inter ta ci 7 da nema, shi ma ya ci ɗaya, aka cire shi tun kafin hutun rabin lokaci.

Satumba 2001 zuwa Yuni 2002: jijiya ta riƙe, tsoka ta ƙi

Wasansa na gasa na farko ya zo ranar 20 ga Satumba 2001, da Braşov ta Romaniya a kofin UEFA, wata 17 bayan daren birnin Rum. Daga nan wata matsalar ta ɓullo. A karawa ta biyu da Braşov tsokar cinya ta kama shi. Ranar 4 ga Nuwamba aka fara wasa da shi a gasar Italiya, da Lecce ɗin dai, bai kai minti 20 ba ya fita. Ranar 9 ga Disamba ya ci Brescia, ƙwallonsa ta farko a gasar cikin shekara biyu, ya ƙara biyu a ragar Verona, kafin watan ya ƙare tsoka ta sake ajiye shi.

Jaridu sun ɗauki kowace fita a matsayin alamar cewa ta ƙare masa. Ga likitan wasanni kuwa wannan abu ne da ake tsammani. Tsokar da ta shekara ɗaya da rabi ba ta yi gudun gasa ba, komai ƙarfen da ta ɗaga a ɗakin motsa jiki, ba ta saba da fizgar wasa ba, kuma jiki na kare gwiwar da aka yi wa aiki ta hanyar jibga wa wasu tsokoki aikin da ba nasu ba. Muhimmin abu shi ne duk waɗannan raunuka a tsoka suke. Ɗinkin bai motsa ba.

Ya ƙare kakar da wasa 10 da ƙwallo 7 a gasar Italiya. Kocin Birazil, Luiz Felipe Scolari, ya gwada shi rabin lokaci a wasan sada zumunta da Yugoslabiya a watan Maris, ya kuma tafi da shi kofin duniya na Koriya da Japan. Ya buga dukkan wasanni bakwai, ya ci ƙwallo takwas, biyu daga ciki a wasan ƙarshe da Jamus a Yokohama ranar 30 ga Yuni 2002.

2002 zuwa 2008: sabon salo, ƙarin nauyi, ɗaya gwiwar

A ƙarshen Agusta 2002 ya koma Real Madrid. Wanda ya kalle shi a Barcelona ya kuma kalle shi a nan zai ga mutum biyu. Dogon gudun nan daga tsakiyar fili ya ragu ƙwarai. Ya koma mai laɓewa a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, ya fizga mita goma ko ashirin, ya gama da taɓawa ɗaya ko biyu. Birki ya ragu, ƙwallaye ba su ragu ba: 23, 24 da 21 a gasar Sifaniya a kakanni uku na farko, 104 gaba ɗaya a wasa 177. A kofin duniya na 2006, a ragar Gana, ya ci ƙwallonsa ta 15 a tarihin gasar, ya wuce Gerd Müller na Jamus, wanda ya fi kowa yawan ƙwallaye a gasar kafin nan.

Sai dai jiki ya riƙa ƙara nauyi, ƙananan raunuka suka yawaita, kuma bayan gasar 2006 an yi masa wani ƙaramin aiki a ƙafar hagu. A Janairu 2007 ya koma AC Milan, ya ci 7 a wasa 14, sannan tsokar cinya ta cinye masa rabin kakar da ta biyo.

Ranar 13 ga Fabrairu 2008, a San Siro, Milan na wasa da Livorno. An sako shi daga benci, cikin 'yan mintoci ya yi tsalle zai sa kai a wata ƙwallo da aka kwaso daga gefe, jijiyar gwiwar hagu ta tsinke gaba ɗaya. Asibitin Paris ɗin nan aka koma, Dakta Eric Rolland ya yi aikin, Saillant na tsaye. Yana da shekara 31, kwantiraginsa kuma zai ƙare a watan Yuni. Milan ba ta sabunta ba.

2008 zuwa 2011: dawowa ta biyu da ajiye takalmi

A wannan karon ba ƙungiyar da ke jiransa, ba wasan ƙarshe da ake ƙirga wa kwanaki. Ya yi jinyarsa a Birazil, ya yi atisaye a filin Flamengo, ya sa hannu da Corinthians a Disamba 2008. Ya fara wasa ranar 4 ga Maris 2009, kusan wata 13 bayan tsinkewar. Kwana huɗu bayan haka ya farke wa ƙungiyarsa da ka a ragar Palmeiras ana dab da tashi. A shekarar suka ɗauki kofin jihar São Paulo da kofin Birazil. Jimillar abin da ya ci wa Corinthians ƙwallo 35 a wasa 69.

Daga 2010 jiki ya fara ƙin atisaye, wasanni suka ragu. A farkon Fabrairu 2011 Deportes Tolima ta Kolombiya ta fitar da su daga gasar zakarun Kudancin Amurka tun a zagayen share fage, ranar 14 ga watan ya sanar da ritaya yana shekara 34. A taron ya bayyana cewa tun a Milan aka gano ƙullin maƙogwaronsa, wato tayirod, ba ya fitar da isasshen sinadari, abin da ke rage kuzari ya kuma sa ƙiba, ya ce dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari ce ta hana shi shan magani. Likitoci da dama sun musanta wannan ɓangare nan take. Maganin cutar, levothyroxine, ƙwaya ɗaya ce da safe kafin a karya, ana daidaita ta da gwajin jini, kuma ba ya cikin jerin magungunan da WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta. Ƙibar da cutar kanta ke jawowa ma galibi ba ta wuce kilo biyu zuwa biyar.

Bayan ƙwallo

A 2012 ya shiga wani shirin talabijin na rage ƙiba a Birazil da nauyin kimanin kilo 118, ya sauke wajen 17 cikin wata uku. Ya yi sharhin wasanni, ya zauna a kwamitin shirya kofin duniya na 2014, sannan ya juya ga mallakar ƙungiyoyi. A Satumba 2018 ya sayi kashi 51 cikin 100 na Real Valladolid ta Sifaniya a kan kimanin Yuro miliyan 30. Ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2021, ta hau a 2022, ta faɗa a 2023, ta hau a 2024, ta sake faɗawa a 2025, shekarar da ya sayar da hannun jarinsa magoya baya na zanga-zangar ya tafi. A Disamba 2021 ya karɓi kashi 90 na Cruzeiro, inda ya fara, tana fama da bashi a rukuni na biyu. Ta hau a 2022, ya sayar a Afrilu 2024. Ya nemi shugabancin hukumar ƙwallon Birazil, ya janye a Maris 2025 da ya ga hukumomin jihohi ba sa tare da shi.

Hukunci

Likita ɗaya, asibiti ɗaya, gwiwa ɗaya: ɗinkin farko ya riƙe minti shida na wasa, na biyu ya riƙe har ƙarshen sana'arsa, shekara goma. Babban bambancin da ake iya gani daga waje shi ne kwana 143 da wata 17. Za a iya cewa jijiyar ta riga ta lalace, ko an ƙara wata uku ma tana iya tsinkewa, kuma wannan magana ce mai ƙarfi. Amma ita ma hujja ce ta jinkiri: gwiwar da aka yi wa aiki a 1996, ta yi kaka guda tana ciwo, ta yage a 1999, ba irin wadda za a gwada a wasan ƙarshe na kofi ba ce, a ƙafar mutumin da ba ya iya wasa sai da birki da karkata. Sauri ya haifi nawa. Don a ceci wata ɗaya na ƙarshen kaka, an rasa kaka ɗaya da rabi.

Ƙin sake buɗe gwiwar a ƙarshen 2000 shawara ce da ta yi daidai, amma kada a mai da ita doka. Akwai gwiwar da tabo ke manne ta yadda sai an shiga an kankare. A nan an yi la'akari da cewa wani yankan a wurin da ɗinki ya taɓa ɓallewa ya fi taurin gwiwar hatsari, kuma akwai mai gashi na kansa da lokacinsa duka na ɗan wasan ne, gatan da 'yan wasa kaɗan ke da shi.

Inda aka gaza shi ne tsakanin 2002 da 2008. Ciwon 1998 a gwiwa biyu yake, an gyara ɗaya, ɗayar kuma ta ci gaba da ɗaukar nata kayan da wani ɓangare na na 'yar uwarta, a ƙarƙashin jikin da ke ƙara nauyi kowace kaka. Sauya salon wasa ya saya masa shekara shida. Riƙe nauyin jiki, da ɗora wa jijiyar hagu atisayen ƙarfe a kai a kai tun tana lafiya, su ne abin da ke hannun ɗan wasa da ƙungiya, kuma su ne ba a ga alamarsu ba. Ciwon tayirod ya bayyana wani yanki na ƙibar, bai bayyana dukkanta ba, kuma in da gaske ne an bar shi ba magani saboda tsoron dokar WADA, to an bar shi ne a kan dokar da ba ta hana ba.